Sankara da Gado: Aikin Farfesa Olopade da Abin da Ya Rage a Kanmu





An nemi in yi magana a kan tasirin mai bincike a fagen cutar sankara da ilimin gado. A jami'o'inmu, da zarar an ce tasiri sai a ɗauko ƙirga: maƙalu nawa malami ya buga, a wace mujalla, sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa. Da wannan ake ƙarin girma, kuma ba na raina shi, domin aikin da babu wanda ya karanta bai amfani kowa ba. Amma mu da muka tashi muka ga karatun zaure muna da wani ma'auni da ya girme wannan. Idan aka ce wane malami ne, abin da ake tambaya shi ne a gaban wa ya durƙusa, su wa suka durƙusa a gabansa, kuma wace matsalar jama'a ce karatunsa ya warware. Da wannan ma'auni nake so mu auna wata 'yar ƙasarmu, Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago a Amurka. Kuma tunda silsila ake bi, dole mu fara da malamarta.

Kafin nan, bari in shimfiɗa tabarma saboda waɗanda ba fanninsu ba ne. Jikin ɗan Adam tarin ƙwayoyin halitta ne, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai kundi da ke ɗauke da umarnin yadda za ta rayu, ta yi aiki, ta rabu biyu, ta mutu idan lokacinta ya yi. Wannan kundi shi ne DNA. An rubuta shi da haruffa huɗu kacal, tsawonsa ya kai haruffa kusan biliyan 6, an kuma kasa shi juzu'i-juzu'i, waɗanda ake kira kuromosom. Guda 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafe kundin gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwafar littafi da hannu ya san dole wata rana alƙalami ya zame. Sankara, ko daji kamar yadda aka fi faɗa a gidajenmu, tana farawa ne idan kurakurai suka taru a wuraren da ke tsawata wa ƙwaya, har ta daina jin magana ta shiga hayayyafa ba birki.

Yau wannan bayani yana cikin littattafan 'yan aji ɗaya. A farkon shekarun 1970 kuwa, masana da yawa suna ganin lalacewar kuromosom da ake gani a jikin mai sankara ɓarna ce da cutar ta yi bayan ta kama, kamar tokar da gobara ta bari. Wadda ta juya wannan fahimta ita ce Janet Rowley, likita a Jami'ar Shikago, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ta yi shekaru tana zuwa aiki kwana uku a mako saboda renon yara. Ta koyo a Ingila wata sabuwar dabarar rina kuromosom yadda zane-zanen jikinsu za su fito. Takan ɗauki hotunansu ta tafi da su gida, ta yanka da almakashi, ta jera a kan teburin cin abinci tana gwada wannan da wancan.

Tun 1960 wasu masana biyu, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura cewa masu wani nau'in sankarar jini mai tafiyar hawainiya suna da wani kuromosom da ya gajarce. Aka sa masa sunan birnin Filadelfiya inda aka gano shi. Kowa ya ɗauka guntunsa ne ya ɓace. A 1973 Rowley ta nuna cewa bai ɓace ba, ƙaura ya yi: guntun kuromosom na 22 ya koma jikin na 9. Ku tuna littattafan kakanninmu da ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a cikin gafaka. Idan warƙar wannan littafi ta shiga cikin wancan, mai karatu zai haɗa farkon wata jimla da ƙarshen wata, ya fito da hukuncin da babu wanda ya rubuta. Haka ya faru a nan. Inda guntayen biyu suka haɗu, an samu sabon umarni da ke cewa ƙwayar jini ta yi ta rabuwa kada ta tsaya. Da aka gane umarnin, sai aka nemi abin da zai toshe masa baki. A 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin imatinib, ƙwaya ce da ake haɗiya, kuma cutar da a da take kashe mutum cikin 'yan shekaru ta koma wadda mutane da yawa ke rayuwa da ita har tsufa. Shekara 28 ke nan tsakanin teburin cin abinci da kantin magani. Ɗalibai, ku riƙe wannan lissafi, domin zai yi muku amfani ranar da wani ya tambaye ku amfanin bincikenku bayan wata shida da farawa.

A gaban wannan baiwar Allah, wato Rowley, Olopade ta zauna. An haife ta a 1957, ta gama karatun likita a Jami'ar Ibadan a 1980, ta tafi Amurka ta yi horon ƙwarewa a asibitin gwamnati na Cook County a Shikago, asibitin da talakawa da baƙar fata suka fi zuwa. A 1987 ta koma Jami'ar Shikago don ƙwarewa a kan cututtukan jini da sankara, inda ta yi aiki a ɗakin binciken Rowley a kan wani yanki na kuromosom na 9 da ke ɓacewa a wasu nau'o'in sankara.

Ana cikin haka sai wata ƙofar ta buɗe daga Kalifoniya. Mary-Claire King ta shafe shekara 17 tana bin gidajen da sankarar mama ke ɗaukar uwa, ta ɗauki 'ya, ta ɗauki ƙanwar uwa, a lokacin da manyan masana ke cewa ɓata lokaci take yi. A 1990, da bayanan iyalai 23, ta tabbatar cewa akwai wata ƙwayar gado a kan kuromosom na 17 da ke da hannu a wannan. Wannan ƙwayar ce aka sa wa suna BRCA1. A 1994 aka karanta haruffanta, a 1995 aka gano 'yar'uwarta BRCA2 a kan kuromosom na 13.

Ina so a fahimci wani abu a nan, domin ana yawan kuskurensa. Kowannenmu a ɗakin nan, mace da namiji, yana da BRCA1 da BRCA2. Alheri ne a jiki. Aikinsu irin na malamin da ke duba allon ɗalibi ne, ya ga inda rubutu ya karye ya gyara. Matsala tana zuwa ne idan mutum ya gaji kwafi ɗaya da ya zo a lalace. Saura ɗaya ke nan ke riƙe da aiki, kuma ranar da shi ma ya samu matsala a wata ƙwaya ta mama, kurakurai sai su yi ta taruwa babu mai gyara. Macen da ta gaji irin wannan, yiwuwar ta kamu da sankarar mama kafin shekara 80 ta kai kusan kashi 70 cikin 100, ga kuma haɗarin sankarar gidan ƙwai, wanda ya fi yawa ga mai BRCA1.

Mun saba da gwajin jini kafin aure saboda sikila, don haka kada a haɗa su. Sikila sai uwa da uba duk sun ba da nasu kafin yaro ya kamu. Wannan kuwa ɗaya ya isa, kuma duk ɗan da mai ɗauke da shi ya haifa, rabi da rabi ne ko ya gada ko bai gada ba. Yana iya zuwa ta wurin uba kamar yadda yake zuwa ta wurin uwa. Saboda haka ciwon gwaggo ya shafe ki daidai da yadda ciwon inna ya shafe ki. Namiji ma bai tsira ba, musamman da BRCA2, domin yana ƙara masa haɗarin sankarar da ke kama maza a gindin mafitsara, har ma da ta mama.

A 1992 Olopade ta buɗe asibiti na musamman a Jami'ar Shikago don iyalan da ke da irin wannan tarihi. A nan ta ci karo da abin da ya tsara sauran rayuwarta ta bincike. Kusan duk abin da aka sani game da waɗannan ƙwayoyin gado daga jinin Turawa aka samo shi. Ga Yahudawan da asalinsu ke Gabashin Turai, alal misali, an gano cewa kurakurai uku ne suka fi yawo a tsakaninsu, kuma mutum ɗaya cikin 40 na ɗauke da ɗayansu, don haka gwajinsu ya zo da sauƙi. Baƙar mace kuwa sai a yi mata gwaji a ga wani harafi da ya bambanta, a duba kundin bayanai a rasa shi, a ce mata ba a tantance ko illa ne ko ba illa ba. Ta biya kuɗi ta koma gida da ruɗani. Har zuwa 2019, cikin mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 ba, alhali babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado tsakanin mutanenta.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Olopade ba ta bari gida ya bar ta ba. A 1998, tare da abokan aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, ciki har da Farfesa Clement Adebamowo, aka fara wani dogon bincike a kan sankarar mama a jikin matan Nijeriya: a yi wa mace tambayoyi, a ɗauki jininta da izininta, a ajiye samfurin ƙarin da aka cire mata, a kuma nemo mata masu lafiya daga unguwanni ɗaya don a kwatanta. Aiki ne na haƙuri wanda ba ya kawo suna da wuri.

Ga wani ɓangare na labarin da nake so malamai matasa su saurara da kyau. Sankarar mama iri-iri ce. Wata tana cin abinci ne daga sinadarin mata, wato estirojin, kuma ita ce maganin tamoksifen ke yi wa aiki, domin yana toshe mata hanyar abincin. Wata tana ɗauke da alamar da ake kira HER2, ita ma da maganinta. Wata kuwa ba ta da ko ɗaya daga alamomin da ake dubawa, kuma ita ce ta fi saurin yaɗuwa, ta fi kuma kama mata masu ƙuruciya. A 2009 Olopade da abokan aikinta suka buga sakamakon duba samfura 507 daga Nijeriya da Senegal, inda suka samu cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da alamar estirojin, akasin matan Turawa da mafi yawansu ke da ita. Amma shekara ɗaya kafin nan Adebamowo ya buga nasa binciken daga Ibadan, inda ya samu kusan kashi biyu cikin uku suna da alamar. Masana biyu, abokan aiki, ƙasa ɗaya, amsa biyu. Muhawarar da ta biyo baya ta haska wani abu da aka daɗe ana wa riƙon sakainar kashi: idan aka cire tsoka aka bar ta ta jima kafin a sa ta a ruwan fomalin, ko aka bar ta ta daɗe a ciki fiye da ƙima, alamar tana iya gogewa, gwaji ya ce babu alhali akwai. Ma'ana, makomar maganin mace tana iya rataya a kan abin da ma'aikacin ɗakin tiyata ya yi da kwalba a cikin sa'a ta farko. Ni a wurina wannan saɓani yana cikin mafi albarkar abin da aikin ya haifar, domin ya tilasta a koma a gyara ɗakunan gwaji, ya kuma kafa hujja cewa bai kamata a ɗora mace a kan tamoksifen da ka ba, sai an gwada ƙarin nata.

Sai babban sakamakon, wanda ya fito a 2018, kuma a cikinsa silsiloli biyu suka haɗu, domin Mary-Claire King na cikin waɗanda suka yi aikin. An karanta ƙwayoyin gadon mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan, ba tare da an zaɓe su saboda shekaru ko tarihin dangi ba, aka kwatanta da mata 997 masu lafiya. Matsakaicin shekarun masu cutar 47 da rabi ne. Kashi 14.7 cikin 100 na ɗauke da kuskuren gado a ɗaya daga ƙwayoyin da aka duba: kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2, sauran a wasu. Masu binciken suka kammala cewa mace ɗaya cikin kowace takwas, cutarta daga gado take, ta hanyar ƙwayoyi huɗu kacal. Wannan ya fi abin da aka saba gani a yawancin ƙasashen Turai. Kuma kurakuran iri-iri ne, ba uku ba ne kamar na waɗancan Yahudawa, don haka gajeren gwaji ba zai wadatar da mu ba, sai an karanta ƙwayar gadon tun daga farkonta har ƙarshe.

Akwai wani adadi a cikin wannan bincike da ya fi duk sauran tsaya mini a rai. Cikin mata 577 da aka san matakin da cutarsu ta kai, 497 sun zo ne a mataki na uku ko na huɗu. Kashi 86 cikin 100 ke nan. A Ibadan fa, garin da ke da tsohon asibitin koyarwa, da rajistar masu sankara tun 1960. Alƙaluman hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 sun nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu.

Duniya ta yaba wa Olopade. A 2005 ta samu kyautar MacArthur, a 2011 Shugaba Obama ya naɗa ta cikin majalisar da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan sankara, maƙalunta kuma ɗaruruwa ne. Amma idan muka koma ma'aunin zaure, abin da ya fi nauyi shi ne likitoci da masu gwaji da ta horar a Nijeriya, da kuma cewa yau likitan Nijeriya yana da alƙaluman matan Nijeriya a hannunsa. Kuma sanin yana canja magani. Ƙarin da ya rasa BRCA ya dogara ne ga wani mai gyara na biyu, idan aka toshe shi sai ƙwayar cutar ta mutu, ta bar masu lafiya. A kan haka aka gina maganin olaparib da aka fara amincewa da shi a 2014. Yana da tsada ƙwarai, gaskiya ne. To amma irin wannan ƙari yana jin tsoffin magungunan kemo na dangin filatinam, waɗanda ake samu a asibitocinmu. Sannan idan aka gano mace ɗaya, an buɗe hanyar sa ido a kan 'yan'uwanta da 'ya'yanta tun kafin komai ya fito.

Yanzu bari in juyo gida. Matan da aka yi wannan bincike a kansu a Ibadan aka same su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hujjar da ta sa Olopade ta ƙi yarda a auna 'yar Ibadan da ma'aunin Baturiya, ita ce ta hau kanmu game da Bahaushiya da Bafulatana da Babarbariya. Muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Muna da manyan gidaje inda kaka ɗaya za ta lissafo maka zuriya biyar ba ta yi tuntuɓe ba, abin da King ta sha wahalar nema a Amurka. Fara wannan aiki bai buƙatar na'urar biliyoyin naira. Yana buƙatar likitan da zai ƙara minti biyar ya tambayi mara lafiya wa da wa suka yi irin wannan ciwo a dangin uwa da na uba, kuma suna da shekara nawa, ya rubuta. Yana buƙatar tsokar da aka adana daidai, da rajista da ba ta mutuwa idan wanda ya fara ta ya yi ritaya.

Ina kuma da fargaba, ba zan ɓoye ta ba. Na san wani gida da ciwon nan ya ɗauki mata uku, kuma abin da ya biyo baya shi ne raɗe-raɗin cewa jifa ne, sannan masu neman auren 'yan matan gidan suka ja da baya. Idan muka kawo gwajin gado ba tare da sirri da nasiha ba, za mu mayar da shi tambarin da ake manna wa 'ya'yan mutane. Sakamakon gwaji amana ce tsakanin mace da likitanta. Wadda ta gaji wannan abu ba ta yi laifin komai ba, tana iya aure ta haihu ta shayar, abin da take buƙata shi ne a fara duba ta da wuri kuma a kai a kai. Malamanmu na addini, muna buƙatar muryarku a nan kamar yadda kuka taimaka a kan gwajin sikila.

Iyayenmu mata, maganar nan da ake yi cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, ta ci rayuka da yawa. Abin da ke sa a ga kamar asibiti ne ya tayar da ciwon shi ne ba a zuwa sai ya riga ya ci jiki. Allurar da ake ɗaukar samfuri da ita ce kaɗai ke faɗa wa likita wane iri ne, kuma wane magani zai ji. Ku kuma tuna cewa bakwai cikin takwas na matan Ibadan ɗin nan cutarsu ba ta waɗancan ƙwayoyi huɗu ta zo ba, don haka rashin mai ciwon a dangi ba dalilin sakin jiki ba ne. Maza kuma, ku ne ake jira ku ba da izini da kuɗin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin kwana 60 tsakanin zuwan mace asibiti da tabbatar da abin da ke damunta, kuma lissafin ba ya farawa sai ta fito daga gida.

Ɗalibaina, roƙona gare ku ƙarami ne. Idan kun je gida hutun nan, ku zauna da kakanninku da gwaggwanninku da takarda da biro, ku tambaye su wa ya yi ciwon mama ko na ciki a dangi, ta wane ɓangare, yana da shekara nawa. Idan kun ga ya maimaitu, ko ya kama wata kafin ta kai 50, ko ya kama namiji, ku kai takardar wurin likita, ku kuma riƙe sirrin gidanku.